Wa Zai Gaji Mulkin Kyuba, Kuma Me Hannunsa Zai Iya Taɓawa?

Tun daga ranar 18 ga Oktoba 2024, lokacin da wutar lantarki ta ɗauke a faɗin Kyuba baki ɗaya, maganganu iri biyu nake ji a bakin masu bibiyar labaran duniya, kuma dukansu suna ba ni haushi. Wasu na cewa da zarar tsohon shugaban ƙasar Raul Kastro ya kwanta dama, shi ke nan, gurguzu ya ƙare a tsibirin. Wasu kuma na cewa ai babu abin da ke damun Kyuba illa takunkumin Amurka, a ɗage shi yau, gobe ƙasar ta miƙe.

Ra'ayina shi ne: takunkumin zalunci ne, kuma ya kamata a ɗage shi. Amma sauyin da talakan Kyuba ke jira bai rataya a kan mutuwar wani dattijo ko sunan magajinsa ba. Ya rataya a kan wanda ke riƙe da dalar ƙasar, da kuma wanda ke yanke wa manomi da ɗan kasuwa farashi. Duk shugaban da aka naɗa bai da ikon taɓa waɗannan, an canza wa tuwo suna ne kawai.

Ai an riga an yi gadon, har sau uku

Masu jiran mutuwar Raul sun manta cewa an sha yin wannan jiran. A ƙarshen Yulin 2006 ciwo ya kwantar da Fidel Kastro, ya miƙa wa ƙanensa Raul riƙon ƙwarya. A Fabrairun 2008 Raul ya zama cikakken shugaba. Fidel ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2016 yana da shekara 90, aka yi makoki, aka koma aiki.

A Afrilun 2018 Raul ya sauka daga shugabancin ƙasa, aka naɗa Miguel Diaz-Canel, injiniyan lantarki da aka haifa a 1960, wato bayan juyin juya halin 1959. A Afrilun 2021 ya karɓi shugabancin Jam'iyyar Kwaminis ma. Taken da ya riƙe tun farko shi ne ɗorawa daga inda na gaba suka tsaya. Bai yaudari kowa ba.

Abin lura shi ne yadda ya kai ga kujerar. An yi ta renon matasa don su gaji tsofaffin, ana kuma yin waje da su ɗaya bayan ɗaya. Roberto Robaina, ministan harkokin waje, an sauke shi a 1999. Carlos Lage, wanda ya ja ragamar tattalin arziki a shekarun wahala na 1990, da Felipe Perez Roque, shi ma ministan harkokin waje, an kore su tare a Maris 2009. Raul da kansa ya faɗa a gaban majalisa a 2018 cewa Diaz-Canel ne kaɗai ya tsira daga cikin ayarin da aka yi reno. Wanda ya tsira daga irin wannan tankaɗe ya san abin da ke kawo kora. Mutumin da ya koyi yin shiru na shekara talatin, da wuya ya zama mai rushe gini ranar da aka ba shi mabuɗi.

Tsarin zaɓen ma haka yake tafiya. A zaɓen Maris 2023 kujerun majalisar ƙasa 470 ne, 'yan takara ma 470. Kwamitocin da ke tace sunaye daga ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin jam'iyya suke fitowa: ta ƙwadago, ta mata, ta ɗalibai, ta manoma. Majalisar ce ke zaɓen shugaban ƙasa daga cikinta. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 2019 ya ɗora jam'iyya sama da gwamnati, sashe na 4 kuma ya ce tsarin gurguzu ba mai warwarewa ba ne.

Inda dalar take kwana

Nan ne nake ganin yawancin masu sharhi ke wucewa da gudu, alhali nan ne zuciyar maganar.

Rundunar sojan Kyuba tana da wani katafaren rukunin kamfanoni da ake kira GAESA. A ƙarƙashinsa akwai Gaviota, wanda ke da mafi yawan manyan otal-otal. Akwai CIMEX da TRD Caribe, masu shagunan da ake saye da kuɗin waje da gidajen mai. Akwai Fincimex, wanda kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje ke aikowa gida ya daɗe yana bi ta hannunsa. Tashar jiragen ruwa ta Mariel ma tana hannunsu. A taƙaice, kusan duk ƙofar da dala ke shigowa ta cikinta, soja ne ke tsaye a bakinta.

Wanda ya shugabanci rukunin shekaru da dama shi ne Janar Luis Alberto Rodriguez Lopez-Calleja, tsohon surukin Raul, har ya rasu a Yulin 2022. Firaminista Manuel Marrero, wanda aka naɗa a Disamban 2019, daga Gaviota ya fito kafin ya yi shekara goma sha biyar yana ministan yawon buɗe ido. A 2024 babbar mai binciken kuɗin gwamnati ta faɗa da bakinta cewa littattafan GAESA ba sa ƙarƙashin binciken ofishinta.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta gwamnatin kanta sun nuna cewa a shekarun baya-bayan nan kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin da ƙasar ke zubawa yana tafiya ne ga otal-otal da gine-ginen da suka shafe su, noma kuwa bai samun ko kashi 5 cikin 100. Ana haka ne kuma baƙi na raguwa: daga kusan miliyan 4.7 a 2018 zuwa kusan miliyan 2.2 a 2024, ɗakunan otal ba sa cika ko uku cikin goma. An gina wani dogon otal mai hawa sama da arba'in a unguwar Vedado ta Habana, babban birnin ƙasar, a daidai lokacin da unguwannin talakawa ke kwana a duhu.

Kwatanta wannan da tashar wuta ta Antonio Guiteras da ke Matanzas, wadda tsayawarta ta jawo duhun Oktoban 2024. A 1988 aka buɗe ta. Tana ƙona ɗanyen man Kyuba, mai kauri da yawan farar wuta, wanda ke cinye bututun tukunyar tururi. Irin wannan tasha tana buƙatar a tsayar da ita watanni a yi mata babban gyara, a sauya bututu, a kwance injin. Idan babu kuɗin gyaran, kuma babu wata tashar da za ta riƙe nauyi a tsakani, sai a yi ta faci ana kunnawa har ta sake fashewa. Sauran tashoshin ma tsofaffi ne, da yawansu na zamanin Tarayyar Sobiyat da Cekoslobakiya. Giɓin wuta da yamma yakan haura megawat 1,500 a ƙasar da buƙatarta ba ta wuce megawat dubu uku da 'yan kai ba.

Amurka ba ta zauna a taron da aka zaɓi otal aka bar tukunyar tururi ba. Wannan zaɓi na cikin gida ne, kuma shugaban ƙasa farar hula ba shi ne mai maganar ƙarshe a kansa ba.

To, takunkumin fa? Ba ƙaramin abu ba ne

Wani zai ce ina rage wa Amurka laifi. A'a. Bari in jera abin da takunkumin ke yi a aikace, domin masu cewa farfaganda ce kawai su ma sun yi kuskure.

Tun Fabrairun 1962 yake a cikakken sifarsa. Dokar Torricelli ta 1992 ta ce jirgin ruwan da ya sauke kaya a Kyuba ba zai shiga tashar Amurka ba sai bayan kwana 180, abin da ke sa masu jirage su ƙi zuwa ko su tsawwala kuɗin dako. Injin da sama da kashi 10 cikin 100 na kayan cikinsa na Amurka ne, ba a sayar wa Kyuba shi ko da a Jamus aka haɗa. Bankunan Turai na gudun mu'amala da ita, tun da suka ga an ci bankin Faransa BNP Paribas tarar kusan dala biliyan 9 a 2014 kan hulɗa da Sudan da Iran da Kyuba. Mutanen Sudan sun san ɗacin wannan, sun ga yadda aika kuɗi ta banki ke zama aiki.

Sai jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci. An sa Kyuba a 1982, Obama ya cire ta a 2015, Trump ya mayar da ita a Janairun 2021, Biden ya cire ta kwana shida kafin ya sauka a Janairun 2025, Trump ya sake mayar da ita a ranarsa ta farko. Wane mai jari ne zai zuba kuɗinsa a wurin da matsayinsa ke juyawa haka?

Duniya ta daɗe da faɗin ra'ayinta. Tun 1992 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ke kaɗa ƙuri'ar neman a ɗage takunkumin. A 2024 ƙasashe 187 suka goyi baya, Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi. Mu 'yan Afirka muna da dalilinmu na tausaya wa Kyuba. Sojojinta sun yi yaƙi a Angola daga 1975, Mandela ya je Habana a 1991 ya yi godiya, likitocinta sun shiga Saliyo da Laberiya da Gini lokacin cutar Ebola a 2014 sa'ad da wasu ke tserewa. Sai dai godiya ba ta hana a faɗa wa aboki gaskiya.

Kuma gaskiyar ita ce takunkumin bai rufe komai ba. Tun dokar shekarar 2000 Kyuba na sayen abinci daga Amurka, da sharaɗin biyan kuɗi hannu kafin a loda. Yawancin kajin da ake ci a Habana daga can suke zuwa. Tana ciniki da Sifaniya da Kanada da Chaina da Rasha da Meziko. Matsalarta babba ita ce ba ta da abin sayarwa, kuma ta yi suna wajen rashin biyan bashi.

Gonar da aka ba ka aro

Ƙasar da ta fitar da sukari tan miliyan takwas da rabi a 1970, a kakar 2022 zuwa 2023 kusan tan 350,000 ta samu, daga nan ma ta ci gaba da yin ƙasa, har ta koma sayowa daga waje. Tsakanin kashi 70 zuwa 80 na abincinta shigo da shi take yi, ga kuma ƙasar noma kwance, wata ƙaya da suke kira marabu ta cinye ta.

Dubi yadda manomi ke aiki. A 2008 Raul ya fara raba filayen gwamnati da ba a nomawa, amma aro ne, na shekara goma, daga baya a 2018 aka mayar ashirin. Ba ka sayarwa, ba ka jinginarwa ka karɓi rance, kuma ana iya karɓewa. Kafin ka shuka sai ka ƙulla yarjejeniya da hukumar sayen amfanin gona ta gwamnati, wadda ake kira Acopio: ita za ta karɓi kaso mafi girma a farashin da ta yanke. Ita ce kuma ya kamata ta kawo mota, da buhuna, da akwatuna. Idan motar ba ta da mai, tumatir da mangwaro su ruɓe a bakin gona. Idan an kwashe, biyan kuɗin yakan yi watanni, kuma da peso, kuɗin ƙasar, za a biya ka, alhali taki da taya da maganin feshi da kuɗin waje ake sayar da su.

Har zuwa 2021, makiyayi bai da ikon yanka saniyarsa ya ci ko ya sayar da naman, laifi ne mai kai mutum gidan yari. Yanzu an yarda, amma sai ka cika kason gwamnati kuma ka nuna garkenka bai ragu ba. Wace doka ce ta majalisar Amurka ta tilasta wannan?

Sakamakon yana fitowa a littafin rabon abinci, libreta, wanda kowane gida ke riƙe da shi tun 1962. A Satumban 2024 an rage burodin kowane mutum na yini daga giram 80 zuwa 60. A farkon shekarar ne aka ji cewa gwamnati ta nemi Hukumar Abinci ta Duniya ta taimaka da madarar gari ta yara 'yan ƙasa da shekara bakwai.

Biyetnam ta yi, kuma tana ƙarƙashin takunkumi

Ita ma Biyetnam jam'iyyar kwaminis ɗaya ke mulkinta, ita ma Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi. Ta fara gyaranta a 1986. A 1988 ta mayar wa gidaje gonaki su noma, su sayar a kasuwa. A 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta fara fitar da shinkafa waje da yawa. Sai a Fabrairun 1994 Clinton ya ɗage takunkumin. Gyara ne ya riga, ɗagewa ta biyo baya. Yau Biyetnam ce ke aika wa Kyuba shinkafa.

Akwai amsa mai ƙarfi ga wannan, kuma na yarda da rabinta. Biyetnam ta 1986 ƙasar manoma ce matasa. Kyuba kuwa mutum uku cikin huɗu a birni suke, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ya kai shekara sittin. Sannan tazarar Kyuba da jihar Florida ta Amurka kusan kilomita 150 ce, can kuma akwai 'yan gudun hijira masu kuɗi da suka tsani gwamnatin. Idan aka buɗe kasuwa sosai, jarin farko da zai shigo na waɗannan mutanen na birnin Miami ne, kuma mai kuɗi ba ya daɗewa bai nemi murya ba. Wannan tsoron na gaske ne. Amma tsoro ne na rasa mulki. A kira shi da sunansa.

Tarihin gyare-gyaren Raul ya nuna haka. A 2011 an amince da ƙudurori 313 na gyaran tattalin arziki, aka halatta sayar da gida da mota, a 2013 aka soke takardar izinin fita ƙasa. Da aka zo babban taron jam'iyya na Afrilun 2016, wata ɗaya bayan ziyarar Obama, Raul ya ce kashi 21 cikin 100 kaɗai aka kammala. A shekarar ne aka dawo da ƙayyade farashin kayan gona, aka rufe babbar kasuwar sari ta El Trigal da ke wajen Habana. Lokacin da Amurka ta fi sassautawa, lokacin ne aka taka birki.

Ɗan kasuwar da bai san dokar gobe ba

A 2021 an halatta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, iyakar ma'aikata 100. Zuwa 2024 an amince da sama da dubu goma sha ɗaya, kuma su ne suka cika shaguna da kaza da man girki da sabulu. Ga yadda aikin yake a 2024: mai shago zai sayo kwantena ta hannun kamfanin gwamnati mai lasisin shigo da kaya, ya biya da dala, ya sayar da peso, sannan ya nemi dala don kwantena ta gaba. Banki ba ya sayar masa. Dole ya shiga kasuwar bayan fage, inda dala ta haura peso 300 a 2024, alhali farashin hukuma na kamfanonin gwamnati 24 ne. Hanyar da zai ci gaba da sana'a ita kanta laifi ce a doka, don haka kullum wuyansa na hannun hukuma.

A Agustan 2023 aka taƙaita cinikin tsabar kuɗi tsakanin kamfanoni zuwa peso 5,000. A Yulin 2024 aka ƙayyade farashin kaya shida, ciki har da kaza da mai da madarar gari. Ministan tattalin arzikin da ke kan kujera lokacin da aka haɗe kuɗaɗen ƙasar iri biyu suka zama ɗaya a Janairun 2021, Alejandro Gil, an sauke shi a Fabrairun 2024 aka kuma gurfanar da shi. Wannan haɗewar ce ta sa mafi ƙarancin albashi a peso 2,100, fansho a 1,528, kuɗin da daga baya bai sayen kiret ɗaya na ƙwai.

Me ya sa gwamnatin ba ta faɗi ba, kuma me ya sa takunkumi ke taimaka wa masu taurin kai

An yi bore ranar 11 ga Yuli 2021, ya faro daga San Antonio de los Banos ya bazu cikin sa'o'i ta wayar hannu. An murƙushe shi, aka ɗaure ɗaruruwa, wasu shekaru masu yawa. Bayan wata huɗu Nikaragwa ta bar 'yan Kyuba su shiga ƙasarta ba tare da biza ba. Masu fushi suka sayar da gidajensu suka kama hanya. Yawan jama'a ya sauko daga sama da miliyan 11 a 2020 zuwa ƙasa da miliyan 10 a ƙarshen 2024, bisa ƙidayar gwamnati. Wanda zai fito titi yana Florida ko Madrid yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗi, kuɗin kuma ya ƙare a shagon soja.

Hanyar lumana ma an gwada. A 2002 ɗan adawa Oswaldo Paya ya miƙa wa majalisa sa hannun mutum sama da 11,000 yana neman ƙuri'ar raba gardama, kamar yadda kundin lokacin ya ba da dama ga mai 10,000. Amsar da aka ba shi ita ce gyaran kundi da ya ce gurguzu ba ya warwaruwa, a 2003 kuma aka ɗaure 'yan adawa 75.

Yanzu ɗauka cewa a cikin jam'iyya akwai mai son gyara na gaske. Me zai nuna wa janar-janar a matsayin riba? Dokar Helms-Burton ta 1996 ta cire ikon ɗage takunkumin daga hannun shugaban Amurka ta kai majalisa, ta kuma gindaya sharuɗɗa: gwamnatin da babu Fidel ko Raul, rushe hukumar tsaron farin kaya, zaɓen jam'iyyu da yawa cikin wata 18, da batun diyyar kadarorin da aka ƙwace, waɗanda Amurka ta tantance 5,913 daga ciki. Ma'ana, babu ladan rabin hanya. Ko ka miƙa komai, ko ba ka samu komai ba. Wanda ya ga Obama ya buɗe a 2014 kuma Trump ya rufe daga 2017, zai juya ya ce wa mai son gyaran: ba mun faɗa maka ba? Shekara sittin da 'yan kai takunkumin bai sauke kowa ba, sai dai ya ba masu mulki amsar da za su ba kowace tambaya.

Wa'adin Diaz-Canel na biyu zai ƙare a 2028, kuma kundin bai yarda da na uku ba. Ana yawan ambaton Roberto Morales Ojeda, sakataren tsare-tsaren jam'iyya, da Firaminista Marrero a matsayin waɗanda za su iya gadonsa. Ni ban damu da wanne ba ne. Zan duba ko an kawo lissafin GAESA gaban majalisa, ko an soke sayarwar dole ga Acopio, ko mai shago zai iya shiga banki ya sayi dala a farashin kasuwa. Dukansu za a iya sa musu hannu a Habana ba tare da izinin Washington ba. Alamar da muke da ita zuwa yanzu ba ta ƙarfafa zuciya: kundin 2019 ya ce wanda zai hau shugabanci karon farko kada ya wuce shekara 60, don a shigo da sabon jini, amma a Yulin 2025 majalisa ta cire wannan iyakar.